Jirage Marasa Matuƙa a Yaƙin Arewa Maso Yamma

Jirgi maras matuƙi shi ne wanda ake sarrafawa daga ƙasa, ko don leƙen asiri ko don kai hari. Najeriya ta fara da sayen Aerostar daga Isra'ila a 2006, amma yawancinsu suka daina tashi saboda rashin kayan gyara. A Disambar 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, ƙirar sojojin sama, a Kaduna; Muhammadu Buhari ya biyo da Tsaigumi a Fabrairun 2018. Dukansu na leƙe ne. Masu ɗaukar makami daga waje suka zo: CH-3 da Wing Loong II daga Sin, sai Bayraktar TB2 daga Turkiyya, wanda Nijar ma ta saya.

Don Boko Haram aka fara sayo masu ɗaukar makaman. Da ta'asar 'yan bindiga ta mamaye Zamfara da gabashin Sakkwato, sai aka juyo da su yamma, tare da wata dabarar: a Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato domin raba 'yan bindiga da masu ba su rahoto. 'Yan kasuwa da masu neman agaji su ma sun ɗanɗana kuɗarsu.

Babban tabon wannan tarihi shi ne Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu taron Mauludi, hukumar NEMA ta ce mutum 85 aka binne. Na'urar ta ga taron jama'a; wanda ke riƙe da ita ne bai san ko su wane ne ba. Mutum ɗaya da ya san garin da ya isa ya hana wannan masifa.

A ƙetaren iyaka kuwa al'amura sun sauya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, sojojin Nijar suka sallami Amurka, wadda ta bar sansanin jiragenta na Agadas a Agustan 2024, sansanin da ya ci sama da dala miliyan 100. Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wannan ɓaraka ta yi wa 'yan ta'addan Lakurawa daɗi, domin dazukan Tangaza da Gudu na Sakkwato da suke ɓuya a ciki suna manne da Nijar, kuma mai babur ba ya tsayawa neman izinin ƙetare iyaka.

Kudancin Sakkwato ya shiga labarin ne daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai hari a jihar da amincewar Abuja. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce an harba makamai 16 da jiragen MQ-9 Reaper kan maɓoyar 'yan ta'adda a dajin Bauni na Tangaza. Amma ɓaraguzai sun faɗo a gonakin Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, nesa ƙwarai da inda aka nufa. Ba a rasa rai a Jabo ba. Mutanen Jabo sun shaida wa 'yan jarida cewa ba su san da wani sansanin 'yan ta'adda a yankinsu ba, kuma wasu ɓaraguzan sun faɗa har a Offa ta jihar Kwara.