Ciyawar tauraro: yadda ake bambance ta fadama da ta dutse

Stellaria sunan wani jinsi ne na ƙananan ciyayi masu fararen furanni, wanda ake kira stellaire da Faransanci. Sunan ya fito daga kalmar Latin stella, wato tauraro, saboda siffar furen. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl von Linné, shi ya tabbatar da sunan a 1753. Ciyawa ce ta ƙasashe masu sanyi, Turai da arewacin Asiya da arewacin Amurka. A yankin Afirka mai zafi kuwa, galibi sai a kan manyan duwatsu, kamar Stellaria mannii da ake samu a dazuzzukan Dutsen Kamaru.

Jinsin yana da ire-ire fiye da 100, kuma furanninsu duk kusan kamanninsu ɗaya. Wanda ya tsaya ga kallon fure daga nesa ba zai taɓa raba su ba. Wannan bayani ya taƙaita ga ire-iren da aka fi rikitawa a fadamu da duwatsun Turai.

Abin da ya haɗa su

Ganyensu na fitowa bibbiyu, suna fuskantar juna. Furen yana da fararen ganye 5, amma kowane ɗaya a tsage yake har kusan gindi, shi ya sa mai kallo ke ƙirga 10. Ƙarƙashinsu akwai korayen ganye 5 da ke tallafe da furen. A tsakiya kuma akwai ƴan siraran zarurruka 3, inda ƙurar fure ke sauka. Waɗannan sassa uku su ne ma'aunin masana.

Na fadama da bakin ruwa

Stellaria alsine tana son idon ruwa, laka da magudanan ruwa, tun daga kwari har kan dutse. Furenta ƙarami ne, kimanin milimita 6. Alamarta ba ta ɓuya: fararen ganyen furen sun fi korayen gajarta, har tauraron kan bayyana kore-kore. Ganyenta gajeru ne, masu ɗan faɗi.

Stellaria palustris, wadda Faransawa ke kira stellaire des marais, ta fadamar kwari ce, inda ruwa ke kwanciya wani lokaci na shekara. Furenta babba ne, milimita 12 zuwa 18, kuma fararen ganyen sun zarce korayen a fili. Jikinta kore ne mai toka-toka, ba gashi ko ɗaya.

Stellaria graminea ita ce ke jawo yawancin kuskure. Tana da siraran ganye da kara mai kusurwa 4 kamar palustris, amma ta fi son makiyaya mai ɗan bushewa, tana kuma kutsawa har gefen fadama. Furenta milimita 5 zuwa 12 ne, fari da kore kusan tsawo ɗaya. Jikinta kore ne shar. Ga babbar shaida: ƴan ƙananan ganyen da ke wurin da reshen fure ya rabu suna da gashi a gefe kamar gashin ido. Na palustris ba su da shi, kuma suna da koren layi a tsakiya.

Na dutse

Stellaria nemorum tana cikin dazuzzuka masu laima da bakin ƙoramu na duwatsu irin su Alpes da Pyrénées. Ganyenta faffaɗa ne mai siffar zuciya, na ƙasa suna da doguwar ƙafa, karanta kuma kewayayye ne mai gashi. Fararen ganyen furen sun ninka korayen tsawo. Abokiyar kamarta ita ce Myosoton aquaticum ta bakin kogi. Ƙirge kawai ke raba gardama: nemorum zare 3 gare ta a tsakiyar fure, Myosoton kuwa 5.

Can sama, inda dusar ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, akwai Cerastium cerastoides. Ita ma zare 3 gare ta, har Linné da kansa ya sa ta cikin Stellaria da farko. Ana gane ta da cewa tana rarrafe a ƙasa, kuma tsagar fararen ganyenta ba ta kai gindi ba.

Matakan ganewa

Da farko a duba ƙasar: laka ce, makiyaya ce ko inuwar daji. Sai a murza kara tsakanin yatsu, a ji ko mai kusurwa ne ko kewayayye. Sannan a gwada tsawon fari da na kore. Daga ƙarshe a ƙirga zarurrukan tsakiya, a kuma nemi gashi da madubin ƙara girma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na fure, daga Mayu zuwa Agusta. Alama ɗaya ba ta isa ba, sai biyu ko uku sun yi daidai.

Me ya sa ake wannan wahala

Palustris tana raguwa a yammacin Turai saboda busar da fadamu da ake yi domin noma da gine-gine, kuma doka ta ba ta kariya a wasu yankunan Faransa. Graminea kuwa tana ko'ina. Idan mai bincike ya ɗauki palustris a matsayin graminea, zai rubuta cewa babu wani tsiro mai kariya a wurin, fadamar kuma ta iya salwanta. Idan ya yi akasin haka, taswirar masana za ta nuna yalwa inda babu. Wani lokaci makomar fadama guda na rataye ne a kan ƴan gashin da ido ba ya gani sai da madubi.