Kundin digiri na farko: Yadda ake rubuta shi a sassan tarihi, harshe da adabi, da sabon sharaɗin bautar ƙasa

Kundin digiri na farko, wanda ɗalibai suka fi kira da furojet, shi ne binciken da ɗalibi ke rubutawa a shekararsa ta ƙarshe a jami'a, a ƙarƙashin kulawar malami guda da sashe ya ba shi. A sassan tarihi, harsuna, adabi da nazarin addini na jami'o'in Najeriya, wannan ne karo na farko da ake buƙatar ɗalibi ya kawo tambaya ta kashin kansa, ya nemo hujja, ya kuma tsaya a kanta. Sau da yawa nauyinsa yunit shida ne, alhali kwas na yau da kullum bai cika wuce biyu ko uku ba, don haka sakamakonsa kan ɗaga darajar digiri ko ya ja ta ƙasa.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idar karatu, kuma a Disambar 2022 ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Sai dai tsawon kundi, salon kawo manazarta da ranar miƙawa duk suna hannun sashe. A sassan nazarin Hausa, kamar na Jami'ar Bayero da ke Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Hausa ake rubuta kundin.

Tsarin da aka fi sabawa da shi babi biyar ne. Na farko gabatarwa, inda ake bayyana manufar bincike da farfajiyarsa. Na biyu bitar ayyukan da suka gabata da hujjar ci gaba da bincike. Sai hanyoyin tattara bayanai, sai ƙwayar nazarin, sai kammalawa. Ɗaliban tarihi kan saɓa wa wannan tsari, su jera babukansu bisa zamani ko jigo.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen batu. "Siyasar Arewa" ba batun kundi ba ne, teku ne. Amma yadda jam'iyyar NEPU ta kafa rassa a gunduma ɗaya tsakanin 1950 da 1966 abu ne da ɗalibi zai iya kammalawa cikin zango biyu, muddin akwai takardu da dattawan da suka shaida lamarin. Malami mai duba aiki kan fara da tambaya ɗaya: ina hujjar take, kuma za a iya isa gare ta da kuɗin motar da ke aljihun ɗalibi?

Hujjar kuwa tana nan, ko da yake ba kowa ke zuwa nemanta ba. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, na da takardun gwamnatin Jihar Arewa da rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Akwai Gidan Mambayya da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Ma'adanar Waziri Junaidu a Sakkwato, ga kuma tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Mai binciken al'amuran yau yana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Samun takarda dai ba ya wadatarwa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi fice wajen jaddada cewa rahoton jami'in mulkin mallaka ma sai an binciki wanda ya rubuta shi da abin da yake son cim ma, kuma haka ya kamata a yi wa labarin da dattijo ya bayar da baki.

Aikin malami shi ne amincewa da batu, karanta babi bayan babi da sa hannu kafin a ɗaure kundin. A zahiri malami ɗaya kan riƙe ɗalibai da yawa, ga koyarwa, ga yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A cikin wannan giɓi ne kasuwar sayar da kundi ta bunƙasa a shagunan buga takardu da shafukan intanet, inda ake sauya sunan gari da shekara a tsohon aiki, a miƙa shi a matsayin sabo. Yanzu kuma ga manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙirƙiro sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Ɗalibin da ya kwafi irin wannan kan tonu ne a ranar kare kundi, a sassan da ake yin ta, idan aka ce ya kawo littafin.

Abin da ya sauya lissafi shi ne umarnin Gwamnatin Tarayya na 2025. Daga ranar 6 ga Oktoban shekarar, ba za a tura wanda ya kammala karatu bautar ƙasa ba, ko a ba shi takardar yafewa, sai ya nuna shaidar bin ƙa'idar rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa, NERD, wadda ta haɗa da ajiye kundinsa. Kowane kundi zai shiga rumbun ɗauke da sunan ɗalibi, da na malamin da ya duba shi, da na shugaban sashe. A da, kundi kan ƙare a kan kanta a ofishin sashe, ƙura ta rufe shi. Yanzu wanda ya sayi aiki yana da shekara 23 zai iya fitowa takarar majalisa yana da 40, abokan hamayyarsa kuma su san inda za su duba.