Alama ko Shekara? Tarihin Auna Hankalin Yaro a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya fitar da ɗan Adam daga cikin mahaifiyarsa bai san kome ba, sa'an nan ya hore masa ji da gani da zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk ɗalibin da ya ratsa kwalejin ilimi a ƙasar nan ya haddace matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro waɗanda ake jingina wa masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jan Piyaje (1896–1980). Kaɗan ne daga cikinsu aka nuna wa cewa tun kafin ra'ayinsa ya iso, mutanen Katsina ta Laka, wato yankin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Kafur da Ɗanja da kewaye, suna da ma'aunai uku na gane inda hankalin yaro ya kai: na fiƙihu, da na tsangaya, da na gona. Wannan maƙala ta bi tarihin waɗannan ma'aunai da yadda suka haɗu da ma'aunin boko. Abin da take son tabbatarwa shi ne, dukansu ukun alama suka sa gaba, shekara tana biye; kuma sakin wannan ƙa'ida ne yake cutar da yara a yau, a aji da kuma gaban allo.

Ma'aunin malaman Musulunci

Alƙur'ani mai girma ya rarrabe halayen ƙuruciya a wurare da dama. Ya ambaci shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara (aya ta 233). A Suratun Nur ya ware ƙananan yara waɗanda ba su san al'aurar mata ba (aya ta 31), ya ware waɗanda ba su balaga ba amma ana koya musu neman izini a lokuta uku (aya ta 58), ya kuma ware waɗanda suka balaga (aya ta 59). A Suratun Nisa'i (aya ta 6) ya yi umarni a riƙa jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu sai an ga rushdi a tare da su. A Sunna kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito umarnin sa yara salla suna da shekara 7, da tsananta musu a kanta suna da 10.

Daga waɗannan nassoshi fuƙaha'u suka fitar da matakai: yaron da bai kai tamyizi ba, sai mumayyizi, sai baligi, sai rashidi, kowanne da hukuncinsa. Cinikin wanda bai kai tamyizi ba ba ya ƙulluwa. Na mumayyizi, a wurin Malikiyya, yana ƙulluwa amma zartuwarsa tana jiran yardar waliyyi. Balaga ana gane ta da alamomin jiki, sai idan ba su bayyana ba ake komawa ga shekara: 15 a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya, 18 a mashhurin mazhabar Malik. Rushdi kuwa ba shi da shekara. Jarrabawa ce ke tabbatar da shi.

Malaman hadisi sun fi kowa zurfafawa, domin sun buƙaci sanin lokacin da abin da yaro ya ji zai zama abin dogaro. Bukhari ya kawo labarin Mahmud ɗan Rabi'u, wanda ya tuna ruwan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fesa masa a fuska yana ɗan shekara 5. Wasu suka riƙi biyar a matsayin iyaka. Musa ɗan Haruna ya mayar da al'amarin ga iya rarrabe saniya da jaki. Ibnus Salah (ya rasu 643H/1245M) ya rinjayar da cewa a dubi kowane yaro shi kaɗai: in yana fahimtar magana yana mayar da amsa, jinsa ya inganta ko bai kai biyar ba, in kuwa ba ya yi, yawan shekaru ba zai amfane shi ba.

Imam Gazali (ya rasu 505H/1111M), a Almunƙizu minad Dalal, ya jera matakan riska: taɓawa, sai gani, sai ji, sai ɗanɗano, sai tamyizi wajen shekara 7, sai hankali mai riskar wajibi da ja'izi da mustahili. Ibnul Hajji (ya rasu 737H/1336M), a Almadkhal, ya bayyana cewa magabata sai a shekara 7 suke kai 'ya'yansu makaranta, ya kuma soki iyayen zamaninsa masu tura jarirai ga malami don su huta da raino. Ibnu Khaldun (ya rasu 808H/1406M) ya ce a koyar da ilimi kaɗan-kaɗan gwargwadon shirin ɗalibi, a fara da misalan da ido ke gani, ya kuma yi gargaɗi cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da kasala.

Waɗannan ra'ayoyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Risalar Ibnu Abi Zaid (ya rasu 386H/996M), wadda babu zauren ilimin da ba a karanta ta, domin koyar da yara aka wallafa ta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya taƙaita Almadkhal a littafinsa Lubabul Madkhal. Shi da kansa ya faɗa a Ida'un Nusukh cewa mahaifinsu ne ya karantar da shi Alƙur'ani, sai da ya kai shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, ya shiga littattafai. Ƙuruciyarsa a gida ya yi ta.

Tsangaya da gona

A kudancin Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, tsangaya ta gina tsaninta a kan ƙwarewa. Ƙolo shi ne ƙarami mai fara karatu, sai titibiri wanda ya tasa, sai gardi wanda ya zama saurayi yana taimakon malam, daga nan sai alaramma da gwani da gangaran. Karatun ma hawa-hawa ne. Yaro yana fara biya gajerun surori da ka, sai babbaƙu, sai farfaru, sai haɗa baƙi, sai ya riƙa rubuta allonsa da kansa, har ya sauke izu sittin. Ba a wanke allo a ɗora wani sai malam ya saurara ya gamsu. Ko sunayen da aka laƙaba wa haruffa, irin su ɗa mai hannu da am baki wofi da lam jaye, suna nuna cewa malaman farko sun gane ƙaramin yaro da siffa yake kama abu. Littattafan da ke buƙatar ƙiyasi da kawo mas'alar da ba ta auku ba, daga Ahalari da Iziyya zuwa Risala da Askari da Muhtasar, galibi sai bayan sauka ake shiga su a makarantar ilimi.

Gona tana da nata tsanin. Bayan yaye, wajen shekara biyu, yaro yana hannun mata da yayye har a ce ya yi wayo. Daga nan sai aike, da kai abinci gona, da korar tsuntsu, da kiwon awaki. Ranar shuka, babba yana gaba da sungumi, yaro yana biye yana zuba iri yana binnewa; a nan yake koyon ƙidaya da tazara. Sai a ba shi ƙaramar fartanya, in ya yi ƙarfi ya kama garma. A tsarin gandu, idan uba ya ga ɗansa ya yi hankali, sai ya yanka masa gayauna, ya noma abin kansa, ya sayar, a ga yadda zai yi da kuɗin. Wannan ita ce jarrabawar rushdi a aikace. Manomin Kafur ko Ɗandume ba ya tambayar shekarun yaro kafin ya danƙa masa shanun huɗa. Yana duban yadda yake bi da su ne.

Tsanin biyu sun kasance a sarƙe. Karatu yana ƙarfi da rani bayan an kai amfani gida, da damina kuma gardawa da titibirai suna gonar malam ko ta iyaye.

Zuwan ma'aunin shekara

Mulkin Turawa ya sauya yankin ta fuska biyu. Ta fuskar tattalin arziki, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, garuruwan suka cika da baƙi. Ta fuskar ilimi, makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da elementare da suka biyo baya, sun zo da aji da rajista da shekarar karatu. Amma sauyin bai game talakawa ba sai da shirin UPE ya fara a watan Satumba na 1976, aka sa shekara 6 ta zama lokacin shiga firamare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, dokar UBE ta 2004 kuma ta wajabta shekara 9 na farko.

Da yake yawancin yaran karkara ba su da takardar haihuwa, masu ɗaukar ɗalibai sukan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓa kunnen ɗaya gefen. Wannan ma alama ce, sai dai ta jiki ce, ba ta faɗin kome game da fahimta. Da yaro ya shiga kuwa, kalanda ce ke ciyar da shi gaba.

Piyaje da abin da aka gano bayansa

Malaman da aka horar domin waɗannan azuzuwa su ne suka shigo da sunan Piyaje. Matakansa huɗu ne. Daga haihuwa zuwa shekara 2 jariri yana sanin duniya ta gaɓɓai da motsi, har ya gane cewa abin da aka ɓoye yana nan. Daga 2 zuwa 7 harshe yana buɗewa, amma zahiri yana ruɗin yaro: in aka juye mudun dawa daga faranti zuwa dogon gwangwani, sai ya ce ta ƙaru. Daga 7 zuwa 11 yana gane cewa dawar tana nan yadda take, yana iya jerawa da rarrabawa, muddin abin yana gabansa. Daga 11 ko 12 yana iya ƙaddara abin da bai auku ba ya gina hukunci a kansa.

Kamannin da ke tsakanin wannan da jerin Gazali a fili yake, musamman a kan shekara 7. Amma bai kamata ɗalibi ya yi gaggawar cewa abu ɗaya ne ba. Fuƙaha'u taklifi suke nema: yaushe ake ɗora wa yaro nauyi? Gazali hujja yake kafawa cewa akwai matakin riska a bayan hankali, wato annabci. Piyaje kuwa, wanda asalinsa masanin halittu ne, yana binciken yadda ilimi ke ginuwa a cikin yaro ta hanyar lura da gwaji, kuma ya kawo bayanin dalla-dalla wanda babu shi a littattafanmu. Kowane da fagensa.

Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa ƙa'idar alama. Patricia Greenfield, a aikinta kan yaran Wolof na Senegal da aka buga a 1966, ta ga cewa yaran da ba su yi boko ba sun fi ba da amsa daidai idan su da kansu suka juye ruwan, maimakon baƙo ya juye. Sylvia Scribner da Michael Cole, a aikinsu kan mutanen Vai na Laberiya (1981), sun ga cewa waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun yi fice a tuna jerin kalmomin da ake ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, wato irin aikin da suka saba. Barbara Rogoff da abokan aikinta, a 1975, sun duba al'ummomi 50 suka ga yawancinsu tsakanin shekara 5 da 7 suke fara ɗora wa yaro nauyi. Piyaje da kansa ya riƙa cewa jerin matakan ne tabbatacce, shekarun suna sauyawa, kuma a 1972 ya yarda cewa mataki na huɗu yana iya jinkiri, yana kuma iya bayyana a fagen da mutum ya ƙware kaɗai.

Kammalawa

Tarihin nan yana da hukunci a kan halin da muke ciki. A makarantar boko, yaro yana iya kaiwa aji shida bai iya karanta jimlar Hausa ba, domin shekara ce ta ɗaga shi, ba a saurari allonsa ba. A tsangaya kuma, ana ganin ƙolon da bai kai tamyizi ba an raba shi da gida an kai shi wani gari, ya nemi abincinsa da kansa, alhali Ibnul Hajji ya soki kai irinsa makarantar unguwa ma. Mazhabar da muke bi ta bar renon ɗa namiji a hannun uwa har ya balaga idan aure ya mutu, wanda ke nuna nauyin da Shari'a ta ba kulawar gida. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya ƙara raunana tsanin gona, domin yaron da aka raba da gonar ubansa ya rasa wurin da ake jarraba rushdinsa.

Hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, tana buƙatar ma'aunin da iyaye da alarammomi za su karɓa, kuma yana nan cikin littattafan da suke girmamawa. Kada a karɓi yaro a tsangayar nesa sai ya kai tamyizi, yana iya kula da tsarkinsa da cinsa, yana fahimtar magana yana mayarwa. Kafin nan ya yi allonsa a unguwarsu. Kada kuma a ɗaga ɗalibi daga aji sai an ji karatunsa. Ya dace sassan nazarin addinin Musulunci su riƙa karantar da babin ahliyya tare da Piyaje a zama ɗaya, su kuma tura ɗalibansu ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi su rubuta yadda dattawa ke gane wayo da hankali, tun masu wannan sani suna raye. Allah ne mafi sani.