Ambaliya ce mai kururuwa, amma ba ita ta fi kisa ba

Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a majalisarmu: cikin masifun da sauyin yanayi ke jawo mana, wacce ta fi zama barazana ga lafiyar mutanen Arewa? Kusan kowa ya ce ambaliya. Ni ma da farko haka na ce. Amma da na koma gida na bi tarihi shekara-shekara, sai na ga lissafin bai tafi haka ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba da kalanda take ƙirga shekaru ba, da yunwa take yi. Takan ambaci Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 da ta ji labarinta a bakin iyayenta, sannan farin 1973 da na 1984 da ta gani da idonta. Abin da na riƙe daga hirarta shi ne, ba rashin tuwo kaɗai ke kwashe yara ba. Yunwa ce ke raunana jiki, sai ƙyanda da gudawa su zo su ƙarasa. Ko a matsalar abinci ta 2005 a Nijar, yara masu tamowa ne suka cika cibiyoyin jinya a yankin Maraɗi.

Sai sanƙarau. Wanda ya yi wayo a 1996 ba zai manta ba. A shekarar mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, mafi yawa a nan Arewa. Ciwo ne mai bin yanayi: yana tasowa da ƙurar hunturu, ya yi ƙamari a zafin bazara, ruwa na sauka ya lafa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a yankin Sahel a 2010 ta kusan kawar da nau'in A. Amma a 2017 nau'in C ya ɓarke ta Zamfara da Sakkwato, ya hallaka sama da mutum 1,000.

To yanzu mu zo kan ambaliya. Ta 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu. Ta 2022 ta kashe sama da 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, kamar yadda ya taɓa faruwa a 1994. Duk mun ga hotunan, mun yi jimami, kuma ba ƙaramar asara ba ce.

Amma ku ɗora waɗannan alƙaluma kusa da na kwalara. A 2021 kaɗai, amai da gudawa ya kama sama da mutum 111,000, ya kashe sama da 3,600, da yawansu a Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. Wannan ya zarce jimillar waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar nan. Wa ya ga an kafa asusun tallafi na biliyoyi saboda su? Zazzaɓin cizon sauro kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yana kashe sama da mutum 180,000 duk shekara a Najeriya, akasari yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato a kwana biyu yana iya cin rayukan da suka fi na ambaliyar 2022 gaba ɗaya.

Akwai kuma wanda ba ma ƙirga shi sam: zafi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ce mutum 102 suka rasu a kwana huɗun farko na watan, alhali a shekarar da ta gabace ta 130 ne a duk tsawon Afrilu. Masu bincike sun ce ba don ɗumamar duniya ba, da zafin bai kai haka ba. Mu ma mun sha namu a wannan azumin, ga ba wutar lantarki. Amma a wurinmu idan dattijo mai hawan jini ya faɗi da azahar, cewa ake yi gajeriyar rashin lafiya, a yi masa sutura kafin magariba. Sunan zafi ba ya shiga kowane littafi.

Kar a yi mini mummunar fahimta. Maleriya da kwalara sun girmi maganar sauyin yanayi. Abin da sauyin ke yi shi ne ƙara wa wuta makamashi: ruwan wata guda ya sauko a kwana biyu, masai ya cika ya kwarara cikin rijiya, kududdufi ya daɗe sauro ya hayayyafa, gona ta lalace yaro ya rame. Ambaliya ƙofa ce, ɓarayin da ke shigowa ta cikinta su ne masu kisan.

Don haka ni a ganina, in za a auna hatsari, tambaya uku ce: mutum nawa yake kashewa, sau nawa yake dawowa, kuma shin maganinsa yana hannunmu? A wannan ma'aunin, sauro da gurɓataccen ruwa ne a gaba, sai tamowa, sai zafi da ke hawa a ɓoye. Kuma su ne masu araha wajen magani: gidan sauro, maganin rigakafin da ake bai wa yara gida-gida a damina, rijiyar burtsatse mai tsafta, yashe kwata, inuwar bishiya.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Me zai hana a kai magani da sinadarin tsaftace ruwa asibitocin karkara tun a watan Mayu, maimakon a jira raba katifa da shinkafa a Satumba? Sanƙarau ya nuna mana in an tashi tsaye ana cin nasara.

Ku a unguwarku wanne ya fi ɗaukar rai bara? Ku faɗa mana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana yaranmu.