Asalin Hausarmu ta Zango

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan irin Hausar da muke yi a nan Gana, wadda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa Gananci. Dalili kuwa, sau da yawa samarinmu sukan ji kunyar bakinsu in sun gamu da Bakano ko Bakatsine, har wani ya juya Turanci don gudun dariya. To, wanda ya san inda maganarsa ta fito ba ya jin kunyarta.

Mu fara da kalmar zango kanta. A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, in gari ya waye madugu ya ce a ɗaura. Kakanninmu, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da sauransu, sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su yi wata da watanni bisa hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kawo kanwa da tufafi da jar fata, su koma da goro. Ba ma ɓoye cewa a wannan kasuwa an sayar da bayi kuma. Saboda fataucin nan ne Bahaushe ke haɗa sunan Gwanja da goro, alhali kuwa daga kurmin Asante goron ke fitowa, Salaga kasuwarsa ce kurum. Mutanen Asante fatake suka ce musu Tonawa, babban birnin bakin teku kuma suka ce masa Ankara.

A shekarar 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, kasuwar Salaga ta soma ja da baya. Sa'an nan a 1892 yaƙin basasa ya tashi a can, jama'a suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya har Kumasi da Ankara. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Krachi yana karantarwa, yana rubutu da Larabci da Hausar ajami, har ya rasu a 1934. Duk inda suka sauka aka kira unguwar zango, amma wannan karon ba a sake ɗaura kaya ba. Aka yi aure, aka haifu, aka gina soraye.

Hanya ta biyu da Hausa ta shigo ita ce bariki. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, aka kawo su Gwalkwas lokacin yaƙin Asante. Daga nan Hausa ta zama harshen soja, Bamoshe da Bazabarme da Badagombe duk suka koye ta a filin fareti. Haka kuma a zango, Bayarabe da Bafillace da Bawangare in sun haɗu a kasuwa, da Hausa suke ciniki.

To, harshen da mutane da yawa suka koya da girmansu, tilas ya sassauta. Shi ya sa a bakinmu ƙ da ɗ da ɓ suka koma k da d da b, muka ce "kasa" maimakon "ƙasa". Shi ya sa kuma muke cewa "yarinya ya zo", domin harsunan maƙwabtanmu, kamar na Asante, ba su raba namiji da mace a nan wurin. Wannan shaida ce ta yawan al'ummar da Hausa ta haɗa.

Mun ba da, mun kuma karɓa. Abincin da duk Gana ke rubutawa waakye, waken shinkafa da wake ne. Koko da ƙosai da tuwo zafi, duk daga madafar iyayenmu mata sunayensu suka fita. Mace mai dako a kasuwar Ankara ana ce mata kayayoo, watau an haɗa "kaya" namu da kalmar mutanen Ga mai nufin mace. Mu kuma muka ɗauki fufu inda Bakano zai ce sakwara, muka ɗauki banku da dokunu. Ko sidi da aka fara kashewa a 1965, asalinsa sunan wuri ne a harshen Akan, kamar yadda kuɗi yake jam'in wuri a Hausa.

Kalma takan jawo wa mai ita ciwo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa. Mutanen zango da yawa suka tafi, har da waɗanda aka haifa a nan, domin an ɗauki mai jin Hausa baƙo ne. Wasunsu kuwa da suka isa ƙasar kakanni, aka ji bakinsu aka ce musu 'yan Gana.

Saboda haka muna roƙon jama'a abu uku. Na ɗaya, a yi wa yara Hausa a gida ba tare da kunya ba, domin ko a ƙasar Hausa Basakkwace "biyat" yake cewa, Bakano ya ce "biyar", kowa da karin garinsu. Na biyu, samari su koyi Hausar littafi, su san wurin "ya" da wurin "ta", don su karanta abin da aka rubuta, su ma su rubuta. Na uku, wanda ke da tsoho a gida ya zauna da shi, ya rubuta tsofaffin kalmomin fatauci da na bariki tun yana da rai, ya aiko mana mu buga. Allah ya taimake mu. Wassalam.