Labarin Surar Dakarun Amsterdam

A cikin shekara ta 1642 Rembrandt, gwanin zane na ƙasar Holan, ya gama surar dakarun birnin Amsterdam da fentin mai. Man ƙyallin da aka riƙa shafa mata ya yi duhu, har mutane suka zaci dare ya zana. Sai da gwanaye suka wanke shi a 1946 da 1947 aka ga ashe rana ce. A 1975 wani ya yayyanka ta da wuƙa, aka lallaɓa aka haɗe. Amma ɓarnar da ta gagari gyara daga hukumar gari ta fito: a 1715 aka datse gefunanta huɗu don ta shiga bangon majalisa, har da surar mutum biyu a hagu. Guntayen nan ba a sake ganinsu ba.