Labarin Maganin Ƙurajen Fuska da Hasken Fitila

Yau maganarmu a kan ƙurajen fuska ce, waɗanda waɗansu ke kira ƙurajen balaga, musamman irin masu kumbura su yi zafi, su tara mugunya, in sun warke su bar baƙin tabo. Watakila ɗanku ko 'yarku sun zo muku da labarin wata fitila da suka gani a waya, wai ana haska ta a fuska ƙuraje su mutu. To, kafin ku sa hannu a aljihu, ku ji inda abin ya samo asali.

A ƙasar Denmak, can arewacin Turai, an yi wani likita ana ce da shi Niels Finsen. An haife shi a 1860. A zamaninsa akwai wata muguwar cuta da ke cin fuskar mutum, hanci da leɓe da kumatu, har mai ita ya ji kunyar fita cikin jama'a. Ƙwayar tarin fuka ce ke kawo ta in ta kama fata, kuma a lokacin ba ta da magani. A 1895 Finsen ya gwada wata dabara. Ya sami fitilar lantarki mai tsananin haske, ya tara haskenta wuri ɗaya da gilasai, ya bi da shi ta cikin ruwa don ya rage zafi. Sai a danne fatar majiyyaci da wani ɗan gilashi don jini ya kauce, a haska wuri kamar faɗin sisi har wajen sa'a guda. Gobe a matsa gaba kaɗan. Waɗansu sai da suka yi watanni ana yi musu haka. Cikin mutane wajen 800 da aka yi wa, galibinsu sun warke. Sarauniya Alexandra ta Ingila, wadda ita ma 'yar Denmak ce, ta ba wani asibiti na London irin fitilan nan a 1900. A 1903 aka ba Finsen kyautar Nobel, shekara ta kewayo ya rasu yana da shekara 43.

Ku lura, cutar da Finsen ya yi wa magani ba ƙurajen balaga ba ce. Amma da likitoci suka ga haske ya warkar da fuska, sai suka ce bari su gwada shi a kan ƙuraje. Nan ne aka yi babban kuskure.

Hasken da suka ɗauko shi ne eksire, watau wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Daga wajen 1920 har bayan 1950, samari da 'yan mata masu yawa a Amurka da Turai aka riƙa haska musu shi a fuska. Ya yi aiki kuwa, gama yakan ƙanƙance 'yan jakunkunan da ke fid da maiƙo a cikin fata, ƙuraje su kwanta. Kowa na murna. Sai bayan shekara ashirin ko talatin waɗansunsu suka riƙa komowa asibiti da sankara, waɗansu a fata, waɗansu a wuya daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Ƙurajen da da an bar su sun tafi don kansu, ga abin da aka biya dominsu. Aka bar wannan hanya ɗungum.

An kuma yi yayin wata fitila mai kwaikwayon rana. Ita ma an bar ta, don ɓoye ƙurajen take yi na ɗan lokaci, kuma a 2009 masu binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa fitilun rina fata irinta cikin abubuwan da ke kawo sankara. Saboda haka kada wani ya ce muku shanya fuska a rana magani ne.

Fitilar yanzu dabam take. Haske ne shuɗi da ja, babu eksire a ciki. Ga yadda yake aiki. Ƙwayar cutar da ke zaune a ramin gashi takan yi wani sinadari a jikinta. In shuɗin haske ya faɗa a kan sinadarin nan sai ya zama mata guba. Jan haske kuwa ya fi shiga cikin fata, yana rage kumburi. A shekarar 2000 waɗansu likitoci a London suka ba da labarin gwajin da suka yi da mutum 107, minti 15 kullum har mako 12. Waɗanda aka haska wa shuɗi da ja tare, ƙurajensu masu kumburi sun ragu da wajen kashi uku cikin huɗu. Amma a 2016 da masana suka tara gwaje-gwaje 71 suka auna su gaba ɗaya, sai suka tarar yawancinsu ƙanana ne, ba su isa a kafa hujja mai ƙarfi da su ba. A 2019 kuma kamfanin Neutrogena ya janye wata fitilarsa da ake rufe fuska da ita daga kasuwa, don gudun kada ta taɓa idon waɗansu masu amfani da ita.

Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu masu baƙar fata. Shuɗin haske yana iya ƙara wa fatarmu duhu, alhali tabon ne ya fi damun yaranmu, ba ƙurjin ba.

To, in yaro na fama da ƙuraje, ku hana shi matsa su, gama matsawa ce ke barin tabo. Ya wanke fuska da sabulu marar kaifi safe da yamma. 'Yan mata su guji man bilicin, don da yawa cikinsu na ɗauke da maganin da ke tsiro da ƙuraje. In sun yi manya suna zafi, ku kawo shi ɗakin shan magani. Akwai man shafawa mai suna benzoyl peroxide da ƙwayoyin sha waɗanda aka daɗe da gwada su, amma sai an yi haƙurin mako shida zuwa takwas kafin a ga canji. Mace mai ciki kuwa ta faɗa wa malamin asibiti tun kafin ya rubuta mata kome, gama akwai magungunan ƙuraje da ke cutar ɗan da ke ciki.